Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Tsakanin Dirku da Agadas

A makon jiya na tsaya a inda aka tura ni koyarwa Dirku, garin da ke arewa da Bilma a yankin Kawar. Tsakanin filin jirgin saman Dirku da na Agadas, idan aka miƙe ta sama, tafiyar ba ta kai kilomita 600 ba, kuma ƙaramin jirgi mai farfela yana cinye ta cikin kimanin awa 2. Ta ƙasa kuwa sai an ratsa hamadar Tenere, wajen kilomita 650 na rairayi, inda motar da ta yi sa'a take kwana 2 ko 3, manyan motocin kaya kuma su fi haka. Kawu, wanda ya yi ƙuruciyarsa a ayarin gishiri, suna bi ta Fashi su ɗauko kantu da dabino, ya ce su makonni 3 suke yi kafin su ga Bilma. Duk da haka yakan ce mini: "Ɗana, nisan Kawar ba a ƙafar raƙumi yake ba, yana hannun mai riƙe da takarda."

Ban san zurfin maganar ba sai da naƙuda ta zo wa mai ɗakina da gardama, malamin asibiti ya ce sai an yi mata aiki a Agadas. A makon da abin ya faru jirgi ya sauka, kuma kowa a garin ya san akwai wuri a cikinsa. Na je wurin mutumin da ke rubuta sunayen masu shiga, wanda ɗansa ke ajina, na durƙusa masa, abin da ban taɓa yi wa kowa ba in ba mahaifina ba. Ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, jirgi ya cika." Da idona na ga an loda buhunan dabino na wani babba, jirgin ya tashi.

Kawu ya san bishiyar nan ta Tenere tana tsaye, kafin mota ta banke ta a 1973 a kai kututturenta gidan tarihi na Yamai, kuma a wajenta suke gane ba su ɓace ba. Mu kuwa turken ƙarfen da aka kafa a gurbinta muka wuce, ina riƙe da kan mai ɗakina a bayan mota, ina lissafin cewa da a jirgi ne, da tuni mun yi nisa da sauka. Ita Allah ya yi mata sauran kwana, amma jaririn bai zo da rai ba.

Daga baya, lokacin da na ji an sa wa filin Agadas sunan Mano Dayak, wanda ya rasu a haɗarin jirgi a duwatsun Abzin a 1995, Goggo ta ce in gode wa Allah, shi ma jirgin ba ya hana ajali. Gaskiya ta faɗa, ban musa mata ba, sai dai ajali daban, takarda daban, kamar yadda Kawu ya faɗa tun ina yaro.

Mutumin nan mai rubuta sunaye ya yi ritaya, yana zaune a Damagaram, kuma bara ya aiko Yaya da gaisuwa, wai yana tuna zaman da muka yi. Na ce wa Yaya ya gaya masa gaisuwar ta iso, kuma har yanzu ban manta da buhunan dabinon ba.