Ƙullin yaji da taswirar Kanada

Daren da zan tashi, Hajiya ta shigo ɗakina da ƙulli biyu na yaji da kuka. Ɗaya nawa, ɗaya na ɗan maƙwabciyarmu da ke karatu a Halifax. Ta ce, "In ka huta gajiya sai ka leƙa ka kai masa, ka ce uwarsa na gaishe shi." Na ce to, Hajiya. Ni ma a lokacin gani nake tafiyar Asabar da Lahadi ce, kamar mutum ya je Kaduna daga Kano ya dawo. Sai da na sauka a Winnipeg na duba waya, na ga tsakaninmu ya haura kilomita 3,000 a mota, wato Kano zuwa Legas har sau uku, agogonsa ma ya riga nawa da awa biyu. Ta gidan waya yajin ya tafi, kuɗin aikawa ya ninka kuɗin yajin.

Abin kunyar shi ne na san alƙaluman tun a gida. Na haddace cewa Kanada ce ta biyu a faɗin ƙasa bayan Rasha, kusan murabba'in kilomita miliyan 10, larduna 10 da yankuna 3, babban birni Ottawa. Najeriya za ta shige cikinta sau goma har da ragowa. Amma hadda daban, sani daban. Abin da taswira ba ta nuna mini ba shi ne mutanen, waɗanda sai a 2023 suka kai miliyan 40, yawancinsu sun jeru ne a kudu, dab da iyakar Amurka, kamar masu jin ɗumi da suka kewaye murhu da hunturu. Sauran ƙasar duwatsu ne da tafkuna da dazuzzuka da ƙanƙara. A watan Janairu na ga dalili da idona: motoci a wurin ajiya, kowace da igiyar lantarki tana lilo a hancinta, an jona da bango don kada injin ya daskare kafin gari ya waye.

Ƙasa mai siffar igiya haka, riƙe ta sai da ciniki. Wannan ne abu na farko da karatun ya cusa mini. A 1867 larduna huɗu ne kawai suka haɗu, Ontario da Quebec da Nova Scotia da New Brunswick. British Columbia, can bakin tekun yamma, ba ta yarda ta shigo ba a 1871 sai da aka yi mata alkawarin layin dogo, kuma sai 1885 aka kammala shi. Newfoundland kuwa ta yi zamanta a waje har 1949. Kowa da sharaɗinsa ya shigo, kuma har gobe kowa na riƙe da takardar sharaɗin.

A zangon farko na yi kuskuren da har yanzu in na tuna sai na yi wa kaina dariya. An ba mu rubutu kan yadda ake raba arzikin ƙasa, na zauna na tsara shafi shida a kan cewa Ottawa ce ke karɓar kuɗin man Alberta ta raba wa larduna. Ban ko bincika ba, don a kaina haka tarayya take: a gida tsarin mulkin 1999 ya damƙa ma'adinai a hannun gwamnatin tarayya, jihohin da ke da mai su ɗauki kashi 13 cikin ɗari, sauran a taru a Abuja duk wata a raba. Malamar ta ja layi a ƙarƙashin sakin layi na farko, ta tambaye ni a gefen takarda inda na samo wannan. Babu inda na samo shi. Daga gida na taho da shi a cikin jaka, tare da yajin.

A Kanada lardi ne ke da abin da ke ƙarƙashin ƙasarsa. Alberta ce ke karɓar kuɗin haƙar mai daga kamfanoni, haka Saskatchewan da sinadarin fotash da ake takin zamani da shi, wanda babu ƙasar da ta kai Kanada fitar da shi. Su ma lardunan tsakiya, wato Alberta da Saskatchewan da Manitoba, ba a banza suka samu ba, sai a 1930 Ottawa ta sakar musu wannan iko bayan doguwar jayayya, shekaru 17 kafin a tono mai a Leduc ta Alberta a 1947. Lafiya da ilimi ma na larduna ne. Katin asibitin mutumin Manitoba daban da na Ontario, kuma tsarin ganin likita kyauta da ake yaba wa ƙasar a kai a Saskatchewan ya fara, sauran suka kwaikwaya daga baya.

To ina lardin da ba shi da mai? Nan kuɗin daidaito ya shigo, wanda aka fara a 1957, aka kuma rubuta shi cikin tsarin mulki a 1982. Gwamnatin tarayya kan ɗebi daga harajin da ta tara a faɗin ƙasa ta ƙara wa lardunan da kuɗin shigarsu bai taka kara ya karya ba, don kada asibitin wani lardi ya zama kufai alhali na maƙwabcinsa na sheƙi. Manitoba, inda nake zaune, tana cikin masu karɓa. Quebec ce ke ɗaukar kaso mafi tsoka. Alberta kuwa rabonta da karɓa tun shekarun 1960. Akwai wani ɗan ajinmu daga can, in aka taɓo zancen nan har jijiyar wuyansa ke tashi, ya ce su ke noma wasu ke ci. Ina jin sa sai in ji kamar a teburin mai shayi nake ana gardamar Neja Delta. A 2021 lardin nasu ya yi ƙuri'ar raba gardama, kusan kashi 62 cikin ɗari suka ce a cire kuɗin daidaiton daga tsarin mulki. Ba a cire ba, don lardi ɗaya ba ya iya wannan. Aka ci gaba da zama, ana hararar juna.

Na zo da tunanin cewa ƙasar da ta ci gaba ita ce wadda ta gama rigingimunta. Ashe ba haka ba ne. Quebec, masu Faransanci, sau biyu suna jefa ƙuri'a kan ɓallewa, 1980 da 1995. A ta biyun masu cewa a zauna tare sun yi nasara ne da kashi 50.6 cikin ɗari, ƙiris ya rage. Washegari kowa ya tafi aiki. Ba na cewa sun fi mu haƙuri. Abin da na gani shi ne rigimar tana da ɗakin da ake kai ta, kotu ko akwatin zaɓe ko taron firimiyoyin larduna, kuma wanda ya faɗi yana da tabbacin za a sake zama.

Ɗan aikin da na yi a wani rumbun kaya, awa kaɗan a mako, ya koya mini abin da aji bai koya ba. Aikina duba takardun manyan motoci kafin su fita. Na lura da yawansu kudu suke nufa, jihohin Dakota ta Arewa da Minnesota na Amurka, don iyakar ba ta wuce tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci ba, Toronto kuwa sai direba ya kwana a hanya. Kusan kashi uku cikin huɗu na kayan da Kanada ke fitarwa Amurka suke zuwa. Siyasa ta ɗinke ƙasar daga gabas zuwa yamma, kasuwa kuma kullum tana jan ta kudu. Direbobin sun fi sanin farashin dalar Amurka a kan sunan ministan kuɗinsu.

Akwai kuma waɗanda aka yi cinikin a kansu ba tare da an ba su kujera ba. Kowane taro a makaranta da jawabi ɗaya ake buɗe shi, cewa muna zaune ne a ƙasar Yarjejeniya ta Ɗaya, wadda aka ƙulla da 'yan asalin wurin a 1871. Da farko na ɗauke shi kamar gaisuwar da ake yi don a wuce wurin. Sai wata 'yar ajinmu, 'yar asalin ƙasar, ta tambaye ni ko na san daga ina ruwan famfon ɗakina yake zuwa. Ban sani ba. Daga tafkin Shoal ne, ta wata doguwar magudana da aka gama a 1919. Aikin jawo ruwan ya yanke al'ummar da ke bakin tafkin daga tudu, ya mai da garinsu tsibiri, sai a 2019 suka samu titin da mota ke bi duk shekara. Daga 1997 har zuwa 2021 su kansu ba sa iya shan ruwan famfonsu sai an tafasa, alhali birnin da ke nesa da su yana kwankwaɗar na tafkinsu garau. Ita kakarta na cikin yara kimanin 150,000 da aka raba da iyayensu aka kai makarantun kwana don a kankare musu harshe da al'ada, abin da gwamnati ta nemi gafara a kai a 2008.

Da magariba na koma ɗaki, a watan Disamba ne, rana ta faɗi tun kafin ƙarfe biyar. Na buɗe famfo zan yi alwala, na tsaya ina kallon ruwan yana zuba a tafin hannuna, sanyi ƙalau, har sai da abokin zamana ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce lokaci na tafiya.