Hoton walƙiya: hadarin nesa ake ɗauka

Jama'a tunda damina ta kama tambaya guda ake ta aiko min a WhatsApp, wai yaya ake yi walƙiya ta fito a hoto, mu mun ɗaga salula mun danna mun danna amma sai baƙi ƙirin ko fari fat. To ku ji, yatsa ba ya riga walƙiya. Yawanci ko sakan ɗaya ba ta cikawa, kafin ka ce bari in danna ta yi ta gama. Dabarar ita ce kamara ta kasance a buɗe tun kafin ta zo, ta shigo da kanta.

In kana da kamara babba sai ka sa ta kan abin nan mai ƙafa uku, in babu ka ɗora ta bisa bulo ko katanga ka tokare da buhun rairayi, muhimmi dai kada ta motsa ko kaɗan. ISO, wato ƙarfin jin hasken kamara, ka sauke shi 100, buɗin ido, wato faɗin ƙofar da haske ke shiga, wajen f/8, lokacin da kamarar za ta zauna a buɗe kau sakan 10 zuwa 20 in dare ya yi sosai. Fokus kada ka bar ma kamara, cikin duhu sai ta yi ta kai da kawo ba ta kama komi ba, da hannu za ka kai shi can nesa bisa wata fitila ka bar shi nan. Ka sa ƙidayar sakan 2 tsakanin dannawa da ɗauka don hannunka kada ya girgiza ta. Shikenan sai danna, jira, danna, jira, mafi yawan hotunan shara ne za ka goge, kada wannan ya dame ka.

Masu Tecno da Infinix da Samsung ku duba cikin kamara ko akwai wurin da aka rubuta Pro, galibin wannan saitin yana nan, ban da buɗin ido da yawancin salula ba sa bari a canza. In babu ku ɗauki bidiyo, daga baya ku bi shi sannu sannu ku tsaida inda ta tsaga sama. Wani lokaci za ku ga rabin hoton haske rabi duhu, ba lalacewa salular ta yi ba, layi layi take karanta hoto daga sama zuwa ƙasa, walƙiyar ce ta fi ta sauri.

Amma ni a ganina saiti ba shi ne babban abu ba, lokaci ne. Mu nan Tawa ta Nijar hadari daga gabas yake taso muna, ta wajen garin Keita, ya nufi yamma, kuma galibi da la'asar ko cikin dare. Damar farko ita ce sa'adda ya haɗu can nesa yana ta walƙiya ba ka ko jin cida, musamman daf da magariba da sauran ɗan shuɗi a sama, lokacin nan gajimaren shi ma yana fitowa da siffarsa, sai dai ka rage zuwa sakan 2 ko 4 don kada haske ya cika. Da ka ga jan bangon ƙura ya taso, iska ta juya ta yi sanyi, awaki sun fara gudu gida, naɗe kayanka. Holoƙo ba ya barin hoto, kuma rairayin nan in ya shiga cikin kamara sai mai gyara.

Dama ta biyu ita na fi so, bayan ruwa ya ɗauke hadarin ya wuce yamma. Ƙura ta kwanta, sama ta wanke, walƙiya tana ta rarrafe ƙarƙashin gajimare tana yin rassa kamar saiwar gawo, wani lokaci har ta daɗe fiye da wadda ke sauka ƙasa. In an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, ma ya fi, gari duhu, babu fitilar da za ta ɓata maka sama. Ka samo wani abu ka sa gaba, hasumiyar masallaci ko inuwar itace daga nesa ko ruwan da ya kwanta, in ba haka ba zane ne kawai cikin baƙi.

Yanzu maganar rai. In ka ga walƙiya fara ƙidaya har ka ji tsawa, kowane sakan 3 kilomita guda ne, don ƙara tana tafiyar wajen mita 340 a sakan. In bai kai sakan 30 ba tana cikin kilomita 10 da kai, kuma daga nan tana iya kai maka, shiga ɗaki ko mota mai rufin ƙarfe ka rufe gilashi. Daga cikin motar ma ana ɗauka. Ban da hawa soro, ban da gindin itace, ban da rumfar kwano da bakin tabki, kuma babur ba mafaka ba ne. Masana sun ce a jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe. Iskar da aradu ta ratsa zafinta na kai wajen digiri 30,000, ba abin wasa ba ne don hoton da za a yi ma laik kwana biyu.

Tsoffinmu na cewa a kashe salula in ana hadari wai tana jawo aradu. Ita kanta ba ta jawo komi, amma wadda ke jone da caji a bango, nan kam suna da gaskiya, cire ta.

Af, wani Ba'amurke William Jennings a Filadelfiya ya kama walƙiya a hoto tun 1882, da kamarar akwati, ya nuna ma masu zane cewa ba zigizag take ba yadda suke zana ta. To shi babu allo ma da zai duba ko ta fito sai ya wanke. Wata na 8 ne ruwa ya fi ƙarfi, ku cika batir tun da rana, ku riƙe leda da tsumma mai laushi na goge gilashin kamara, wanda ya samu mai kyau ya aiko mu gani.