Wai aikin minti ɗaya

Ƙarshen watan nan zan miƙa makullin kabad ɗin magani in bar ɗakin yara, kuma tunda ƙannena nas-nas na wurin aiki sun matsa mani in bar masu wani abu a rubuce, to ga shi. Ba zan kama sunan asibitin ba. Waɗanda muka sha aikin dare tare a cikin garin Katsina sun san inda nake nufi, sun kuma san manajan da zan yi magana a kanshi.

Maganar duk daga kanula ta taso, wato 'yar robar da ake sa wa marar lafiya a jijiya don ƙarin ruwa da magani. Wadda ta taɓa yin damina a ɗakin yara ta san yadda Agusta da Satumba suke: yara biyu gado ɗaya, iyaye mata zube a ƙasa, wannan na jijjiga, wancan amai da gudawa sun tsotse shi har jijiya ta ɓuya. Yaron da ruwan jikinshi ya ƙare, ba ido ke nemo jijiyarshi ba, yatsa ne. Ki ɗaure hannun da safar hannu, ki dunƙule mashi yatsu, ki ja fatar bayan hannun da babban yatsanki don kada jijiyar ta zille, sannan ki shiga a kwance da 'yar rawayar kanular nan mai lamba 24. Da jini ya leƙo, ki ƙara kwantar da ita, ki tura robar kaɗai, allurar ta tsaya inda take. In hannu ya ƙi, akwai ta gaban idon sawu daga ciki, wadda ba ta cika sauya wuri ba ko da ba a ganinta. A hannun wadda ta daɗe, kafin a gama faɗar wannan an gama yin shi.

Ni zamanin kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, na fara aiki. A zuba shi cikin ƙarin ruwa ya yi awa 4 yana ɗiga, duk awa 8 a sake, kina tsaye kina ƙirga ɗigo da agogon hannu, gabanki na faɗuwa kada sukarin yaro ya sauka. Sai a 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita allurar artesunate ga yara masu zazzaɓin cizon sauro mai tsanani: a ba da ita take, a sake a awa ta 12, a sake a ta 24. An samu sauƙi ƙwarai, amma har yau sai an nemo jijiya. Hannuna a waɗancan dararen ya koyi abin da ya koya, galibi da tocila a baki an ɗauke wuta.

Ana nan aka kawo mana sabon manaja, ba likita ba, ba nas ba, mutumin takarda da kwamfuta. Ya shigo zagaye ranar da ƙananan nas ɗina biyu ke fama da wata yarinya mai tamowa, sun huda hannayen duka biyu, uwar ta juya fuska bango tana hawaye. Aka kira ni. Na naɗe ƙafar da tsumma mai ɗumi, na ɗan jira, na sa. Ya dubi agogonshi ya ce, “Sista, ashe aikin minti ɗaya ne.” Na ce, “Ranka ya daɗe, Allah ne ya sauƙaƙa.” Yabo na ɗauka.

Ashe hujja ya samu. A taron da ya biyo baya da sunana ya kafa misali: tunda kanula minti ɗaya ce, nas biyu sun isa aikin dare, aka janye ta ukun. Ɗan abin da ake ba ni in an taso ni daga gida tsakar dare aka soke, wai kuɗin Keke Napep ɗina ya fi aikin tsada, a daidai lokacin da cire tallafin mai na 2023 ya sa kowa ke ji a jikinshi. Da gurbin kwas ya fito, sai aka tura wadda ke shafe rabin awa kan yaro ɗaya tana haɗa gumi, don ita ce ake gani tana wahala. Ba ni da komai da yarinyar, ni na koya mata riƙon kanula. Amma raina ya sosu, har yau kuma bai huce ba.

Abin da ya fi wannan muni shi ne yadda ƙananan nas ɗin suka shiga tsere da agogo. An koya mana in kin gwada sau biyu bai yiwu ba, ki kira wata. Sai suka koma jin kunyar kira, don an ce masu abu ne mai sauƙi, su yi ta huda ɗan mutane har jijiyoyin da za a iya samu su fashe, sannan a zo a tashe ni. Da na tafi hutu cikin damina, na ji har likita aka riƙa tasowa daga gida saboda kanula. Dama ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Sauran shawarwarina kuma gajeru ne. Duk kiran da aka yi maki, ki rubuta shi a littafi da lokaci da halin da kika iske yaron, don manaja abin da ke takarda kaɗai yake gani. Ki auna nauyin yaro kafin ki haɗa magani, ko da layi ya kai bakin ƙofa. Ki saurari uwa, ta riga ki ganin canji. In kina koyar da ƙarama, ki rage sauri da gangan, ki ɗora yatsanta kan jijiyar ta ji da kanta.

Shekaranjiya manajan ya aiko a tambaye ni ko zan riƙa leƙowa in an samu yaro mai wuyar jijiya. Na ce a gaishe shi, a kuma rubuto mani nawa ne kuɗin minti ɗaya, da sa hannunshi a ƙasa.