Mutum takwas na Kikwit

Makon jiya na zauna cike takardar neman ƙarin girma a wurin aiki. Akwai gurbin da ke tambayar sau nawa wasu masana suka ambaci rubutunka a cikin nasu. Na buɗe Google Scholar na kwafo lambar, wadda kunya ba za ta bar ni in faɗa muku ba. Ina cikin haka sai Farfesa Jean-Jacques Muyembe, likita masanin ƙwayoyin cuta na Kwango, ya faɗo mini a rai.

Ban san sunansa ba sai bayan 2014. Wa zai manta asubar nan ta watan Agusta, bayan Ebola ta shigo Legas, da aka yi ta buga waya ana cewa a yi wanka da ruwan gishiri? Goggona ce ta tashe ni. "Kai da kake koyar da ma'aikatan asibiti, ka yi wankan kuwa?" Na ce, "Goggo, don Allah kada ki sha, kin san kina da hawan jini." Daga ranar na duƙufa karatu a kan cutar, kuma kusan duk inda na duba, sunan Peter Piot ɗan Beljiyam nake gani.

Alhali a watan Satumba na 1976, da baƙuwar cuta ta ɓarke a asibitin mishan na Yambuku a arewacin Zayar (Kwango ta yanzu), Muyembe na cikin waɗanda aka fara turawa. Ana zaton taifot ce ko zazzaɓin shawara. Ko safar hannu babu. Ya ɗebi jinin marasa lafiya, ya yanko hantar gawa, jini ya ɓata masa yatsu, ya wanke da sabulu. Allah ne kawai ya yi da sauran kwanansa a gaba. Ya taho Kinshasa da wata sista da ta kamu, kuma daga can ne aka aika jini birnin Antwerp na Beljiyam, inda su Piot suka ga ƙwayar cutar. Mutum 318 suka kamu, 280 suka rasu. Mai kayan aiki ya samu suna, mai ɗebo jini ya koma bayan fage.

Amma abin da ya fi tsaya mini shi ne abin da ya faru a garin Kikwit na ƙasar a 1995. Ebola ta dawo, tana kashe kusan takwas cikin kowane goma. Muyembe da abokan aikinsa suka yi tunanin cewa wanda ya warke, dole jininsa na ɗauke da sinadaran kariya da garkuwar jikinsa ta ƙera don wannan ƙwaya. Suka ɗebi jinin waɗanda suka warke suka ƙara wa marasa lafiya takwas. Bakwai suka tashi.

Da rahoton ya fito a 1999, masana suka taɓe baki. Gaskiya, da ɗalibina ne ya kawo mini irin wannan aiki, ni ma jan biro zan sa masa. Mutum takwas sun yi kaɗan, babu wani rukuni da aka kwatanta su da shi, kuma an ƙara musu jinin ne bayan ciwon ya yi kwanaki a jikinsu, lokacin da mai tsira ya riga ya fara tsira. Masu sukar ba su yi laifi ba. Abin da ya bambanta shi da mu shi ne bai jefa maganar a durowa ya rufe ba.

A 2006, shi da masu bincike na cibiyar lafiya ta Amurka, ƙarƙashin Nancy Sullivan, suka koma ga wani da ya tsira a Kikwit. Shekara 11 bayan ciwon, jininsa bai manta ba. Daga ciki aka ware sinadari guda, mAb114, wanda ke maƙale wa ƙayar da ke jikin ƙwayar Ebola, ya hana ta buɗe ƙofar shiga cikin ƙwayoyin halittar ɗan Adam. Sai a 2018 da 2019, a gabashin Kwango, cikin rikicin 'yan bindiga, aka yi gwajin da masu suka ke nema, da mutum fiye da 600 da magunguna huɗu. Cikin waɗanda aka ba mAb114 kusan kashi 35 cikin ɗari suka rasu, a rukunin ZMapp, maganin da aka kwatanta sauran da shi, kuwa kusan rabi. Waɗanda suka zo asibiti da wuri aka ba su mAb114, kusan tara cikin goma suka tsira. A Disambar 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi da sunan Ebanga. Daga Kikwit zuwa nan shekara 25 ke nan, shi kuma dattijon yana da shekara 78.

Yanzu rahoton nan na 1999 nake fara ba ɗalibaina su ci gyaransa son ransu, ban gaya musu ƙarshen labarin ba sai mako na biyu. Bana wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to shi wanda aka ɗebi jininsa fa, me aka ba shi?" Na ce ta rubuta tambayar a allo, kuma har yau ba wanda ya goge.

Takardar tawa dai na miƙa ranar Litinin. Sakatariya ta duba ta dawo mini da ita, wai na manta ban sa hannu a shafi na uku ba.