Kwanon ado daga guntayen atamfa

Ana saura mako biyu Ƙaramar Salla, lokacin da telolin Yamai ba su samun barci, na tarar da maƙwabcinmu tela yana tattara guntayen atamfa zai kai bola. Da na roƙe shi ya bar mini su, sai ya ce, "Hajiya, waɗannan ai ko hular jariri ba za su fitar ba." Na ce masa, "Malam, ba ɗinki zan yi ba."

A baki aikin ba shi da wuya. Ana kifa tasa, a lulluɓe ta da leda, a yayyanka ƙyallen kamar faɗin yatsa biyu, a tsoma shi cikin abin manni, sannan a shimfiɗa bisa bayan tasar har hawa uku ko huɗu, idan ya bushe a zare tasar, kwano ya fito. Hawan farko fuskar zanen take kallon tasa, domin shi ne zai zama cikin kwanon. A gwajin farko na manta da ledar, ƙyallen ya kama tasar gam, sai da na jiƙa shi na ɓamɓare, aikin yini guda ya tafi a banza.

Abin mannin ne ya fi wahalshe ni. Na fara da sitacin rogo, na dama shi da kauri kamar koko, kuma da yake bazara ce, zafi ya haura digiri 40, kafin la'asar kwanukan sun bushe ƙarau kamar ƙwarya. Na yi ta murna har damina ta kankama. Cikin watan Agusta suka sha raɓa, bakinsu ya langaɓe, kyankyasai kuma suka ɓula guda biyu, tun da sitaci abinci ne a wurinsu. Ƙaro ya ba da sheƙi mai kyau, amma shi ma danshi yana kwance shi. Daga bisani na sayo farin gam na kafintoci a kasuwar Katako, na sirka shi da ruwa kaɗan. Yana bushewa garau ba ya dushe launi, kuma kwanukan da na yi da shi sun ƙetare damina lafiya.

Ƙyallen ma ba duka yake karɓar aikin ba. Atamfar auduga tana shan gam ta kwanta luf, yadi mai roba kuwa santsi yake yi yana ɗagowa. Rinanniyar shadda tana zuba, dole a wanke ta tukuna, in ba haka ba shuɗinta ya ɓata farin da ke kusa da shi. Idan aka yanka ƙyallen a karkace, yakan bi lanƙwasar tasar ba tare da tattarewa ba.

Gyaran baki kuwa a wurin dukawan cibiyar sana'o'in hannu ta Wadata na gano shi, inda na ga yadda suke naɗe gefen jaka da siririyar fata. Yanzu nakan datse bakin da almakashi in naɗe shi da ƙyalle mai launi ɗaya. Na farko da ya fito yadda nake so telan na kai wa, yana nan kusa da kekensa cike da maɓallai.