Bututun da na bari a buɗe

Shekara uku ke nan da na yi wayarin wani gida a Zariya. Muna dab da gamawa maigidan ya ce mini, "Malam, ka bar mini hanya ɗaya, in Allah ya hore zan haƙa rijiyar burtsatse a bayan gida." Na ce, "An gama, Alhaji." Na binne bututun roba mai faɗin milimita 25 daga akwatin rarraba wuta, wanda muke ce wa DB, har zuwa gindin katanga. Babu waya a ciki, kuma ban toshe bakinsa ba, ciki da waje. Haka na ga ana yi tun ina yaron shago, ban taɓa tambayar dalili ba.

Cikin watan Agusta na shekara ta biyu Hajiya ta kira ni, ta ce babbar bireka, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa in an samu matsala, sai faɗuwa take yi, ga ƙauri a falo. Na je, na kashe wuta daga mita, na gwada na tabbatar babu komai, sannan na kwance murfin akwatin. Tsaka ce ta kwanta a kan sandunan jan ƙarfe masu ɗauke da wuta, kanta a layi ɗaya, jelarta a wani. Gidan mai layi uku ne, tsakanin layi da layi akwai wajen bolt 400, tsakar ta ƙone ƙurmus, robar gefen ta narke ta yi baƙi. A bakin bututun nan zanzaro ya yi gininsa na laka, ƙasan akwatin duk tsatsa, sukurorin sun yi kore. Raɓa ce: iska mai laima tana biyo bututun daga ƙasa, ta iske ƙarfen da na'urar sanyaya ɗaki ta sanyaya, sai ta zama ɗigon ruwa. Yaran gidan a falon suke kwana lokacin zafi. Wannan tunanin ya hana ni barci a daren.

Daga baya na zauna na karanta abin da ƙa'ida ta ce. Dokar wayarin ta Birtaniya, BS 7671, wadda akasarin aikinmu a Najeriya yake bin sahunta, ta ce kada akwati ya kasance da kafar da yatsa zai shiga ya taɓa wuta, wato matakin IP2X, milimita 12.5. Saman akwatin da hannu ke kaiwa kuwa sai IP4X, ko waya mai kaurin milimita 1 kada ta samu shiga. Ta Amurka, NEC, a bugun 2023 ta fito fili: sashe na 110.12(A) ya ce a rufe duk kafar da ba a amfani da ita, na 300.5(G) kuma ya ambaci bututun ƙarƙashin ƙasa da aka bari don gaba, ya ce shi ma a toshe shi, da abin da ba zai ci rigar waya ba.

Wannan sharaɗin na ƙarshe shi ne inda da yawanmu ke kuskure. Na sha ganin an cusa takardar buhun siminti ko leda. Ɓera zai cinye, in tartsatsi ya tashi kuma su ne makamashi. Wasu su zuba siminti, ranar da ake bukatar bututun sai an fasa bango. Abin da ya dace wani danƙo ne mai laushi kamar yumɓu, wanda ba ya bushewa. A gidan Alhaji na zura igiyar jan waya, na murza danƙon da babban yatsa har ya cika bakin bututun, waje kuma na sa murfi. Gurbin bireka biyu da ke wangale na rufe su da marfin roba, na canza sandunan da suka ƙone.

Alhaji ya zaro kuɗi, na ce, "Ranka ya daɗe, aikina ne bai cika ba, na kaya kawai za ka biya." A makon na ɗauki yarona muka zagaya gidaje shida da na tuna na bar irin wannan bututu. A huɗu daga ciki mun tarar da kashin ɓera ko ƙwan tsaka a cikin akwatin.