Godiya bayan 'yarmu ta tashi daga ciwon sanƙarau

Ni da mai ɗakina muna miƙa godiya ga Ubangiji, da kuma duk wanda ya tsaya tare da mu a kwanaki 16 da 'yarmu ta yi a gadon asibiti nan Garwa. Ciwon ya kama ta cikin zafin watan Maris, da zazzaɓi da amai, kafin gari ya waye wuyanta ya sanƙare, ko ruwa ba ta iya sunkuyawa ta sha.

Godiyata ta farko ga maƙwabcinmu ce, wani dattijo Musulmi a unguwar Yelwa, wanda ya fito daga sallar asuba ya tarar da ni a ƙofar gida na rasa abin yi. Cewa ya yi, "Malam, ɗauko ta mu tafi," ya kai mu a motarsa, ko kuɗin mai bai karɓa ba.

A dare na uku, lokacin da ta daina gane mahaifiyarta, fastonmu da dattawan ikkilisiya suka zo, suka shafa mata mai a goshi da sunan Ubangiji kamar yadda Yaƙub 5:14 ya umarta, robar ƙarin ruwa tana hannunta, allurarta kuma ba a fasa ko guda ba. Akwai masu ƙaunarmu da suka ce in cire ta daga asibiti in kai ta wurin wani mai annabci, wai dogara ga likita ƙarancin bangaskiya ne. Ban yarda ba, har yau kuma ban yarda ba. Allahn da ya ji kukan sarki Hezekiya ya ƙara masa shekara 15, ai annabinsa Ishaya ne ya ce a ɗora curin ɓaure a kan marurun. Da safiyar kwana na biyar ta buɗe ido ta nemi kunun gyaɗa, kuma ni a wurina wannan mu'ujiza ce, ba na jin nauyin kiranta haka.

Likitoci da ma'aikatan jinya, da matan zumunta da suka riƙa kawo abinci suna kwana a tabarma tare da mahaifiyarta, Allah ya sāka muku da alheri.

Kunnenta na hagu bai dawo da ji sosai ba tukuna, muna roƙo ku ci gaba da sa ta a addu'a. Ranar Lahadi mai zuwa za mu kai baikon godiya a sujadar safe, muna gayyatar kowa.